Littafin Mai Ɗaukar Kira

Sha ɗaya na dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi likimo a tasha,
fitilun tuddai kamar gero ya zube a baƙin zane.
Ni ce Fresia, mai ɗaukar kira a gidan rediyo.
Ba a jin muryata, ni ke jin ta kowa.
Kafin in haɗa ka da mai gabatarwa
sai ka ba ni suna, unguwa, da lambar waya.

Batun yau: wa ke leƙen asirinmu?

Anselmo masunci ne ya buɗe fage:
"Jiya na ce wa matata gwiwa na ciwo,
ƙofa a rufe, ba kowa sai kyanwa.
Gari na wayewa, waya ta cika da tallan man zafi.
To, ko kyanwar ce ta kai gulma?"
Mai gabatarwa ya yi dariya har ya ƙware.

Sai Ximena, ɗalibar lissafi,
magana kamar ruwan sama a kan kwano:
"Ku canza burauza! Ku toshe masu bibiya!
Duk manhajar da aka ba ka kyauta, duba da kyau,
kai ne hajar da aka baza a kasuwa."

Rigoberto direba bai bari ta huce ba:
"Shekara talatin ina hawa tuddan nan da bas.
Taswirar waya ta san inda nake, sai me?
Matata ma ta sani.
Wanda ba ya sata, ina ruwansa da farin wata?"
Ximena ta sake kira, layi a cike.
Na rubuta sunanta sau biyu.

Wata ta ce agogon hannunta na ƙirga bugun zuciya,
ya san ta yi fushi ran Talata, tun kafin mijinta ya sani.
Wani ya liƙe idon kwamfutarsa da filasta,
ya ce kalmar sirrinsa ba mai cinka ta,
sunan karensa ne,
kuma muna ji yana kiran karen ya bar bakin ƙofa.

Sha biyu saura kwata, layi na uku.
Baldomero, daga can saman tudu,
murya kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba:
"Eulalia ta rasu a watan Yuni.
Wayarta na kan teburin girki, kullum ina mata caji.
Ran Lahadi ta haska da kanta,
wai ko na tuna wannan rana:
mu biyu a bakin ruwa, tana cin kifi da hannu.
Ban tambaya ba. Ban ba kowa izini ba.
Har na ɗauke ta zan jefa a teku,
sai dai muryarta na ciki, saƙo goma sha bakwai,
a ɗaya tana cewa in sayo albasa.
Ku masana, ku gaya mini,
wa ke riƙe da ita yanzu, ni ko su?"

Shiru laifi ne a aikinmu.
Daƙiƙa bakwai muka yi, na ƙirga.
Sai aka sako tallan sabuwar waya mai ido uku.

Ƙarfe ɗaya na rufe littafina.
Suna arba'in da ɗaya, unguwa, lamba,
da abin da hannuna ya ƙara a gefe:
gwiwa, fushi, kare mai suna Pirata,
tsoho shi kaɗai a gida.
Ba wanda ya tambaye ni inda littafin ke kwana.

Na yage shafin Baldomero,
na tsaya a kan kwandon shara,
sai na ninke shi huɗu, na sa a aljihu.

A matakala waya ta girgiza kusa da takardar:
minti goma sha biyu zuwa gida.
Ban ce mata gida za ni ba.